Fayil ɗin Umarni ga Mataimakin Rubuta Manhaja

Fayil ɗin umarni gajeren rubutu ne da masu haɗa manhaja ke ajiyewa a babbar foldar aikinsu, domin mataimaki mai aiki da ƙirƙirarriyar basira ya karanta shi kafin ya taɓa kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi. Galibi irin wannan mataimaki ba ya riƙe abin da aka gaya masa jiya. Duk sabon zama baƙo yake zuwa, fayil ɗin ne ke nuna masa gari.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa fayil ɗin. Claude Code na kamfanin Anthropic, wanda ya fito a 2025, yana neman CLAUDE.md. Gemini CLI na Google yana karanta GEMINI.md, GitHub Copilot kuma copilot-instructions.md a cikin foldar .github. Akwai kuma AGENTS.md, wanda manhajoji da dama suka amince da shi. Dukansu da Markdown ake rubuta su, wani sauƙaƙan tsarin rubutu da alamomi wanda John Gruber ya fitar a 2004.

Abin da ya dace a sa ciki shi ne abin da mataimakin ba zai gano da kansa ba: umarnin gwada manhajar, foldar da aka hana taɓawa, da ƙa'idojin da yanayin wuri ya haifar.

A ɗauki misalin manhajar lissafin bashi ga ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari. Mai haɗa ta zai rubuta cewa a riƙa ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba ba gutsure, don kada lissafi ya riƙa zamewa. Lambar waya kuma a karɓe ta ko ta fara da 0 ko da +234. Sai batun haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ: a ajiye su da UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, amma wurin bincike a ɗauki "Ɗanladi" da "Danladi" suna ɗaya, tunda yaron shago ba zai tsaya neman lanƙwasa a wayarsa ba ga kwastoma a tsaye. Kuma manhajar ta ci gaba da aiki ko sabis ya ɗauke. In ba a faɗa ba, da wuya mataimakin ya yi waɗannan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsawaitawa. Fayil ɗin yana cin wani kaso na abin da mataimakin ke iya riƙewa lokaci guda, kuma umarni mai muhimmanci kan nutse cikin surutu. Jumla irin "rubuta kod mai kyau" ɓata wuri ce kawai.

Ba a sa kalmar sirri a ciki, domin yawanci ana tura shi Git, ma'ajiyar da ake tara kod, tare da sauran aikin, duk abokan aiki na gani. Kuma jagora ne, ba kwaɗo ba: mataimakin kan tsallake wani umarnin, don haka sai mutum ya duba kod ɗin kafin ya karɓa.