Ninƙayar kwaɗo: horon matasa da rabon ƙarfi a gasa

Ninƙayar kwaɗo ɗaya ce daga salon iyo huɗu da ake gasa a kansu, kuma ita ce mafi rashin sauri. Mai iyo yakan kwanta rubda ciki, ya buɗa ruwa da hannu biyu a tare, ya ɗago kai ya shaƙi iska, ya tanƙwashe ƙafafu ya yi shuri, sannan ya miƙe sambal ya sulale. Ta shiga gasar Olamfik a 1904, kuma ana tserenta a mita 50, 100 da 200.

Doka

Hukumar iyo ta duniya, World Aquatics, ta wajabta taɓa bango da hannu biyu lokaci guda, a kowane juyi da kuma ƙarshen tsere. Dole kuma kai ya ɓullo saman ruwa a kowane ja, wato kowane buɗa ruwa da hannu. Akwai sassauci: bayan tsunduma ko juyi, an yarda a ja hannu sau ɗaya har cinya a ƙarƙashin ruwa. Yaron da ya taɓa bango da hannu ɗaya, ko shi ya zo na fari, an soke tserensa.

Horo

Kaso mai yawa na gudun daga ƙafa yake fitowa, shi ya sa koci kan sa matashi ya riƙe allon iyo ya yi ta shuri zalla, ko ya yi shuri biyu kafin ja ɗaya don ya saba da miƙewa. Sai dai shurin yana takura cikin gwiwa. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ba a cika masa shi, gwamma a gauraya masa da sauran salon uku.

Rabon ƙarfi

Nan ne ake gane wanda ya horu. A mita 100, hamsin ta farko kan fi ta biyu sauri, saboda tsunduma daga dandamali da sabon ƙarfi. Mita 200 kuwa haƙuri take so. Matashi kan fita a guje, ya yi wa 'yan'uwansa fintinkau a hamsin ta farko. Kafin ya kai ta uku ƙugu ya nutse, ja ya gajarce, hannu na ta sauri amma jiki ba ya gaba. Garaje ba ya kai mai wannan salo ko'ina, domin a lokacin sulalewa ne ruwa ke ba jiki hanya.

Maganin shi ne ƙirga ja. Idan yaro ya saba ratsa tafki da ja goma sha takwas, sai ga shi yana ashirin da uku, gajiya ta ci salonsa. Don haka ake maimaita mita 50 sau da dama bisa saurin da ake son yi ran gasa, da ɗan hutu a tsakani, koci na riƙe da agogo yana kiran daƙiƙa. Ga misalin lokutan manya: Tatjana Schoenmaker ta Afirka ta Kudu ta ci zinaren mita 200 a Tokyo a 2021 cikin minti 2 da daƙiƙa 18.95, Adam Peaty na Birtaniya kuma ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 56.88 a 2019.

A Zariya

Yaran Zariya da yawa a kududdufi ko gefen kogin Galma da Kubanni suke fara iyo. Ruwan ba shi da bango balle awo, ga haɗarin tsargiya da nutsewa, don haka bai dace da horon gasa ba. Sai tafkin da aka san tsawonsa, mita 25 ko 50. A lura cewa lokacin da aka yi a gajeren tafki kan fi sauri, saboda yawan juyi da tunkuɗa bango da ƙafa. Hunturun Disamba da Janairu kan sanyaya ruwa da safe, sai a mayar da atisaye bayan azahar a tsawaita ɗumama jiki. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello kuwa suna da gasar jami'o'i ta NUGA, wadda iyo ke cikin wasanninta.