Tsunami

Tsunami jerin manyan igiyoyin ruwa ne da ke tashi idan wani abu ya ture ruwan teku mai yawa a lokaci guda. Igiyar da aka saba gani a gaɓa iska ce ke kaɗa ta, kuma saman ruwa kawai take motsawa. Ita kuwa tsunami tana motsa ruwan ne tun daga ƙasan teku har samansa, shi ya sa ƙarfinta ya wuce misali.

Abin da ke haddasa ta

Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manya-manyan faifai na dutse, waɗanda ke motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara. A wasu wurare wani faifan yana kutsawa ƙarƙashin wani, sai su cije, matsi ya yi ta taruwa shekara da shekaru. Ranar da suka suɓuce, ƙasan teku kan ɗaga ko ta nutse da mita da dama cikin mintuna, ruwan da ke kai ya bi ta, kamar yadda ruwa ke ɓarewa idan aka bugi gindin kwano. Yawancin tsunami daga irin wannan girgizar ƙasa suke fitowa, musamman a kewayen Tekun Fasifik. Dutse mai aman wuta ma yana haddasa ta, kamar Krakatau na Indunusiya a 1883, wanda ya hallaka mutane sama da 36,000. Haka ma zaftarewar ƙasa cikin ruwa.

Tafiyarta

Gudun tsunami ya dogara ne da zurfin ruwa. Inda zurfi ya kai mita 4,000, tana gudun kusan kilomita 700 a awa guda, amma tsayinta sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, har jirgin ruwa ya bi ta kanta matuƙa ba su sani ba. Tsakanin wata igiya da mai bi mata kan kai kilomita ɗari ko fiye. Da ta doshi gaɓa, ruwa ya rage zurfi, sai gabanta ya rage gudu, bayanta kuma na ci gaba da turowa, ruwan ya taru ya yi tudu. Daga nan ya malalo cikin gari ɗauke da itatuwa da motoci da ɓaraguzan gine-gine, komawarsa kuma ya ja duk abin da ya tarar.

Abu biyu ne suka fi yaudarar mutane. Wani lokaci teku kan janye daga gaɓa kafin ruwan ya iso, jama'a su sauka kallo ko tsintar kifi. Sannan igiyar farko ba lallai ita ce mafi girma ba. Wata na iya zuwa bayan rabin awa ko fiye, bayan waɗanda suka tsira sun koma neman 'yan uwa.

Manyan aukuwa

Ranar 26 ga Disamba 2004, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta auku kusa da tsibirin Sumatra na Indunusiya, ta haddasa tsunami. Ruwan ya kashe kimanin mutum 230,000 a ƙasashe 14, ya ƙetare Tekun Indiya har Somaliya. Abin takaici shi ne ya ɗauki kusan awa biyu kafin ya isa Siri Lanka, lokacin da zai ishi dubban mutane su hau tudu, amma babu tsarin gargaɗi a tekun. Sai a 2006 aka kafa shi. A tsibirin Simeulue kuwa, kusa da inda girgizar ta faro, ƙalilan ne suka mutu, domin tun tsunamin da ta same su a 1907 kakanni ke gaya wa jikoki: in ƙasa ta girgiza, teku ya janye, a gudu kan tsauni.

Ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, ta haura kusan mita 40 a wasu wurare, ta tsallake katangun kariya, ta lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Waɗanda suka mutu ko suka ɓace sun kai kimanin 18,000.

Kaduna da makamantan bala'o'i

Idan aka dubi gida Nijeriya, a ɗauki misalin Kaduna: tana kan tudu, ɗaruruwan kilomita daga teku, don haka tsunami ba za ta iso ta ba. Nijeriya ma ba ta kan gaɓar faifan ƙasa. Duk da haka ƙasa kan yi motsi: a Satumba 2016 an ji rawar ƙasa a Kwoi, ƙaramar hukumar Jaba, har bangaye suka tsattsage, a 2018 kuma aka ji a Mpape ta Abuja. Waɗannan ƙanana ne, daga tsofaffin tsagogin duwatsu na ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya fi addabar mutanen Kaduna shi ne ambaliya. Idan damina ta yi nisa, a watan Agusta da Satumba, Kogin Kaduna kan cika ya shiga gidajen da ke bakinsa, kamar na titin Kigo, ga kuma magudanan da shara ta toshe. Bambancinta da tsunami shi ne tana ba da lokaci: hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar sa ido kan ruwan koguna, NIHSA, kuma na bayyana yankunan da ake fargabar ruwa zai ci tun kafin ruwan sama ya kankama.