Awon Hawan Jini a Hunturu da Bazara

Tun da hunturu ya kankama a Kaduna tambayoyi iri ɗaya nake amsawa a ɗakin awo, har bakina ya gaji. Ga amsoshin wuri guda.

Da gaske sanyi yana ɗaga jini?

Ƙwarai kuwa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa awon Disamba da Janairu kan ɗara na Afrilu. A sa rigar sanyi, amma a cire ta lokacin awo, don ba a ɗaura na'ura a kan tufa mai kauri.

Me ya sa lambar ke canzawa a yini ɗaya?

Haka jiki yake. Jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari lokacin barci, ya sake hawa da asuba. Na'urar ba ta lalace ba, Hajiya.

Sauri nake yi, ba za a auna ni yanzu ba?

A'a. Mutum ya sauko daga keke napep tun daga Kawo, yana haki, goro a baki, sannan ya ga 150/95 ya tayar da hankalin iyalinsa! A bar goro, kofi da taba rabin awa kafin awo, a yi fitsari, a zauna shiru minti biyar, baya a jingine, hannu daidai ƙirji.

Da bazara ina jin jiri, lambata kuma ta sauka. In ajiye magani?

Wannan tana buƙatar natsuwa, Alhaji. Zafin Maris da Afrilu yana buɗe jijiyoyi, gumi kuma yana rage ruwan jiki, saboda haka jini na iya sauka, musamman ga dattawa, da masu azumi, da masu shan maganin da ke sa yawan fitsari. Mai yiwuwa adadin maganin ya yi maka yawa a wannan yanayi, mai yiwuwa kuma ƙarancin ruwa ne kawai, ko wata larura dabam wadda awon gida ba zai nuna ba. Ba zan yanke hukunci daga lamba ɗaya ba, kai ma kada ka yanke. Ka auna da safe kafin shan magani, da kuma yamma, sau biyu kowane zama, har kwana bakwai, ka rubuta a takarda ka kai wa likitanka. Shi zai rage ko ya canza. Kafin nan ka sha ruwa, ka daina miƙewa zumbur daga shimfiɗa. In ka suma kuwa, kada ka jira kwana bakwai.

Na ga 180/120, in bari rana ta yi sanyi?

Babu ruwan rana a nan. In akwai ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani ko nauyin harshe, a nufi asibiti nan take.