Na'urar gano ƙarfe a tsohon gidan gado: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun ranar da aka gan ni da na'ura a kangon kakanmu ban huta ba. A masallaci a tare ni, a wurin ɗaurin aure a ja ni gefe, har gidan gaisuwa an bi ni. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga su nan na haɗa, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Tana gano zinariya?

Ƙarfe take ganowa, kowane iri. Zinariya, azurfa, tagulla, murfin kwalba, duk ƙara za ta yi. Ba ta san kakanka attajiri ne ba.

Wace iri zan saya?

Ƙarama ta ɗan koyo daga kamfanin Garrett, Nokta ko Minelab ta ishe ka. Kada ka sayar da gona ka sayi irin manyan da masu haƙar zinariya suka riƙa shiga da su Djado a Nijar tun 2014. Aikinsu daban, naka daban. Wanda kuma ya zo maka da sanda mai eriya ya ce tana jiyo dukiya daga nisan kilomita, ka sallame shi tun a zaure.

Zurfin nawa take gani?

Kwabo guda, kamar taƙi ɗaya. Tukunyar ƙarfe ko babban abu ya fi haka. Ba ta ganin ƙarƙashin duniya.

Na kunna ta tana ta kuka ko'ina, ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau, kai ne ba ka karanta takardarta ba. Jar ƙasa mai marmara cike take da sinadarin ƙarfe, dole ka daidaita na'urar da ƙasar wurin kafin ka fara. Ka rage ƙarfin jinta, ka kashe wayarka, ka matsa daga ƙarƙashin wayar lantarki da jikin rufin kwano. Faifan da ke ƙasan na'urar kuma ya riƙa tafiya dab da ƙasa, a hankali, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Na ga masu kaɗa shi sama kamar suna korar kaji. Haka za ka wuni ba ka samu komai ba.

Kafin ka tafi gidan gadon ma, binne kwabo, ƙusa da cokali a tsakar gidanka, kowanne da wurinsa, ka saurari muryar kowanne har kunnenka ya saba.

Ina zan fara dubawa?

Ka fara da bakin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan. Ka kai mata goro, ka ce, "Iya, ina rijiyar da take? Ina ɗakin Malam? Ina aka kafa murhu?" Abin da za ta faɗa maka a zama ɗaya ya fi wata guda kana yawo da na'ura. Inda mutane suka zauna ko suka sunkuya, nan abu yake faɗuwa: ƙofar zaure, gindin bishiyar da ake hira, bakin rijiya, gindin rumbu, da ƙarƙashin daɓen ɗaki inda mutanen da suke turbuɗe tulu. Bayan ruwa ya sauka ya fi, ƙasa ta yi laushi, na'urar ma ta fi ji.

Kullum ƙusa nake tonowa. In haƙura?

Kwantar da hankalinka, kowa haka ya fara. Makona na farko na cika bokiti da ƙusoshi, guntayen kwano, gwangwanin tumatir da tsohon batir. Ka kwashe su ka fitar, domin su ne suke rufe na kirkin. Aninina na farko a ƙarƙashin murfin kwalba yake, ya yi kore, da hudarsa a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Sai da na zauna a ƙasa na daɗe ina juya shi.

Idan na tono abu mai daraja, na waye?

To, nan ne ya kamata ka fara, amma kullum ita ake bari a ƙarshe, wani ma ba ya tambaya sai an kai shi gaban mai unguwa.

Amsar ta danganta. Idan gidan ba a raba gadonsa ba, ba naka ba ne kai kaɗai, ko da kai ne babba, ko da kai ka sayi na'ura da guminka. Gwaggonka da ke aure a wani gari tana da haƙƙi a ciki, haka 'ya'yan baffanka da ya rasu bayan kakanku. In ka tono tulun da ake kyautata zaton kaka ne ya binne, dukiyar mamaci ce, ta koma cikin gado. Ladan wahalarka sai abin da kuka yi yarjejeniya tun farko, shi ya sa nake cewa a yi maganar kafin a sa fartanya, a gaban dattawa biyu, in da hali a rubuce.

In kuma an raba gida, ɓangaren ya faɗo hannunka, kada ka yi saurin cewa shi ke nan. Wani zai ce ƙasa aka raba, ba a san da tulun ba lokacin rabo. Maganarsa tana da ƙarfi. Haka in gidan saye kakanka ya yi, abin kuma ya girmi sayen, sai a waiwayi magadan mai gidan na farko.

Malamai sun bambanta abu biyu. Akwai rikazi, wato abin da mutanen jahiliyya suka binne, wanda ake fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Akwai kuma abin da yake ɗauke da alamar Musulmi, wannan hukuncin tsintuwa ne, ana cigiyarsa shekara guda. Wanne ne naka? Ni mai tono ne, ba mai fatawa ba. Ka ɗauki abin ka je wurin malamin da ya san rabon gado.

Sannan ga gwamnati. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta hana tonon kayan tarihi ba izini, ta hana cinikinsu da wanda ba wakilin hukuma ba, ta kuma hana fitar da su waje. Kwabon da ya faɗo daga aljihun kakanka babu wanda zai bi ka a kansa. Amma in ka ci karo da tsohon takobi, mutum-mutumin tagulla ko tarin tukwane da ka ga sun girmi gidan, ka dakata, ka ɗauki hoto yadda suke, ka sanar da gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama in a Kano kake. Ɗanyen ma'adini kuwa, ko a tsakar ɗakinka yake, doka ta ce na gwamnatin tarayya ne. In a Nijar ko Gana kake, ka bincika tasu dokar.

Abin da na sani tabbas shi ne ɓoyewa ba ta yiwuwa. Yaran unguwa suna kallonka ta kan katanga.

Aljanu ba sa gadin dukiyar?

Ka yi bisimilla, ka sa takalmi rufaffe da safar hannu. Abin da na taɓa tararwa yana gadi a kango kunama ce da maciji.

Na tono laya da ƙaho an naɗe da ƙarfe.

Ka nuna wa babba ɗaya mai hankali, ka ja bakinka. Kada ka shiga tsakar gida kana ɗaga shi, yanzu a ce kishiyar wance ce ta binne.

Ko'ina zan iya tonawa?

A'a! Tsofaffin gidaje da yawa akwai kabari a ciki, ka tambaya, ka kauce. Tsohuwar masai da rijiyar da aka cike suna ruftawa da mutum. Kada ka tona gindin katangar ƙasa, musamman da damina. Ka san inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi. In yankinku an taɓa faɗa da makamai, ka ga ƙarfe mai kama da harsashi ko gurneti, kada ka taɓa, kira jami'an tsaro. Kuma kowane rami ka mayar da ƙasarsa, tsofaffi da awaki suna bi ta nan.

Tsoffin kuɗin nan nawa za a saya?

Yawancinsu ba abin kirki ba. Anini, ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huda an buga su da yawan gaske, tun 1907 ake kashe irinsu, aka zo kan na Najeriya na 1959, kafin naira ta shigo a 1973. Sisi da sulai na 1913 zuwa wajen 1920 su ne na azurfa. In ka samu babbar azurfa mai hoton Mariya Tereza da 1780 a jiki, kada ka yi rawa tukuna: duk waɗanda aka ci gaba da bugawa daga baya ma 1780 aka rubuta musu. Kuɗin wuri kuwa, tunda ba ƙarfe ba ne, na'ura ba ta jin sa, sai dai idonka.

In goge su da toka da lemon tsami su yi ƙyalli?

Kul. Ruwa zalla da tsohon buroshin haƙori, ka shanya, ka sa kowanne a takarda ka rubuta ranar da wurin da ya fito.

Za ka ara mini taka?

A'a.