Me ake nufi da atiliye?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Instagram sai ka ci karo da kalmar atelier, wadda ake furtawa atiliye. Tela ya rubuta ta a allonsa, wanda ya sayi buroshi uku da gwangwanin fenti shi ma ya ce ya buɗe atiliye. Telan ba shi da laifi, don a Faransanci ɗakin ɗinki ma atiliye ne. Wajen masu zane ne ake yi wa kalmar karan tsaye.

Tushenta tsohuwar kalmar Faransanci ce, astele, wato ɓaraguzan katakon da ke zuba idan ana sassaƙa. Ke nan tun asali wurin ƙura da gumi ake nufi, inda yaro ke koyon aiki a hannun ubangidansa. A harkar zane sai ta zama sunan tsarin koyarwa: gwani ɗaya, ɗalibai kaɗan, shekara uku zuwa huɗu, ana zana abin da ke gaban ido. Wanda ya buɗe hoto a waya, ya ja layuka murabba'i-murabba'i ya kwafe shi, ko da aikin ya fito kamar zai yi magana, bai bi wannan tsari ba, kuma bai kamata ya ari sunan ba.

Ɗalibi ba ya taɓa fenti a farko. Da fensir yake fara kwafar zanukan koyo, galibi na wani mai zane Bafaranshe, Charles Bargue, guda 197 da aka buga a Faransa tsakanin 1866 da 1871, waɗanda shahararren mai zane Van Gogh ma ya kwafa yana koyo. Daga nan sai gawayi da mutum-mutumin filasta fari. An zaɓi fari ne don kada launi ya ɗauke masa hankali daga haske da inuwa. Ana ajiye allon zanen kafaɗa da kafaɗa da mutum-mutumin, ɗalibi ya ja baya kamar mita biyu ko uku, ya manna tef a ƙasa inda ƙafarsa take. Daga kan tef ɗin yake awo, ya rufe ido ɗaya, ya miƙe hannu riƙe da zare mai ɗan ƙarfe a ƙarshensa, sannan ya tako ya sa alama ya koma. Kuskuren kowane sabon shiga ɗaya ne: sai ya tsaya kusa da allo ya leƙa abin da yake zanawa. Da ya yi haka kusurwar kallo ta sauya, sai hanci ya karkace ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, shi kuwa bai san inda ya kauce ba. Madubi ke tona wannan asiri, domin zane a juye yana nuna karkatar da ido ya riga ya saba da ita.

Sai mutum mai rai. Yakan zauna minti 20 zuwa 25, ya huta minti 5, a sa alama inda ƙafa da gwiwar hannunsa suke don ya dawo daidai. Zane ɗaya kan ci makonni. Haske daga taga ɗaya tak, mai kallon arewa idan ana arewacin duniya, saboda haskenta ba ya yawo da rana.

To, me ya sa ba za a huta da hoto ba? Kyamara ido ɗaya gare ta, tana baje fuska. Tana ƙara wa abin da ke kusa da ita girma, tana kuma mayar da inuwa baƙi ƙirin, alhali a ƙarƙashin haɓar mutum akwai ɗan ja da hasken da ya dawo daga rigarsa. Wanda bai taɓa ganin wannan da idonsa ba, baƙi zai shafa, fatar ta fito kamar roba.

Idan an kai ga fentin mai, akan taƙaita ɗalibi ga kala huɗu irin na mai zane Anders Zorn na Suwidin: fari, rawaya mai kama da ƙasa, ja da baƙi. Shafin fenti na farko a tsinke, da mai kaɗan, na sama su fi mai. Idan aka juya tsarin, na sama zai bushe kafin na ƙasa, zanen ya tsattsage bayan wani lokaci.