Kariya daga kunama da maciji a zangon hamada

Kariya daga kunama da maciji a zangon hamada ta ƙunshi zaɓen wurin sauka, tsarin kwanciya, da taimakon farko idan tsautsayi ya gitta. Batun ya shafi mutanen Jos da ke fita zuwa tuddan rairayi na Yusufari a jihar Yobe, ko Agadas a Nijar, direbobi ne ko fatake ko ɗalibai. A hamada, zafin rana na tura waɗannan halittu cikin rami, sai dare ya yi su fito farauta, daidai lokacin da matafiyi ya tuɓe takalmi.

Ire-irensu

Kububuwa ce macijiyar da ta fi kashe mutane a arewacin Najeriya. Gajera ce, da wuya ta kai santimita 70, kuma in ta fusata takan goga jikinta ya ba da ƙara kamar an yayyafa ruwa a garwashi. Dafinta na hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya wuni yana hira, sai daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko fitsari, ko ya zuba a cikin kai. Laƙabinta ma gobe-da-nisa. Macijiyar da ake kira kasa kuwa ba ta gudu, tana nan kwance har a taka ta. Kumurci mai tofi na iya samun idon mutum daga nisan mita 2. Can cikin Sahara akwai maciji mai ƙaho, wanda masana ke kira Cerastes cerastes, mai nutsewa cikin rairayi ya bar idanu kawai a waje.

A wajen kunama, girma na ruɗin mutane. Duwu, baƙar nan ƙatuwa, dafinta da sauƙi. Masu kisa su ne na jinsin Leiurus da Androctonus, masu siraran hannuwa, kuma yara ƙanana suka fi illatawa.

Yada zango

A sauka da sauran rana, a fili fetal, nesa da shuri, tarin duwatsu, ramukan ɓeraye da gindin kaba. A share wurin kafin a kafa tanti, a riƙa rufe zif ɗinsa ko da fitar minti ɗaya ce. Mai kwana a tabarma ya ɗaura gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashinta ta ko'ina. Ragowar abinci na jawo ɓera, maciji kuma ɓera yake bi, don haka a kai ta nesa da makwanci.

Itacen wuta da rana ake tara shi, a juya shi da sanda kafin a sa hannu, domin kunama na maƙalewa a bayan ɓawo. Da safe a kakkaɓe takalmi, riga da bargo. Kada kowa ya zaga da dare ba tocila da takalmi mai rufe idon sawu. Akwai tocila mai wani haske na musamman, ana ce masa UV, da kunama ke ƙyalli a cikinsa. Kewaye zango da kananzir kuwa asarar mai ce kawai.

Idan an yi sara ko harbi

A janye mutum daga wurin, kada a tsaya farautar macijin. A cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi ya kama. A sa wa gaɓar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, domin tafiya da ƙafa na hanzarta yaɗuwar dafi. Ɗaure gaɓa tamau da igiya na kashe nama, har ta kai ga yankewa. Tsaga, tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da dafi, kuma tsaga a saran kububuwa buɗe wa jini ƙofa ce. Don raɗaɗi a ba da farasitamol; asfirin da ibufurofen na ƙara zubar jini. Tofin kumurci a ido, a wanke shi nan take da ruwa mai yawa.

A asibiti akan zuba jini kamar mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20; in bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai allurar kashe dafi irin su EchiTAb. Ba kowane asibiti ke ajiye ta ba, saboda haka tun a Jos ake binciken wanda ke da ita kusa da zango. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe da na Zamko a Langtang sun yi suna wajen wannan aiki, amma duka suna da nisa da bakin hamada.

Harbin kunama ga babba yawanci raɗaɗi ne da allurar kashe zafi ke kwantarwa. Yaron da ya fara gumi, amai, dalalar da miyau ko numfashi sama-sama, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne.