Bindigar Iska ta PCP: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Sayen ta Farko a Saudiyya

Bindigar iska mai tukunya, wadda aka fi sani da PCP, ta samu karɓuwa a Saudiyya a 'yan shekarun nan, kuma 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina da Riyad suna cikin masu sha'awarta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne mai shirin sayen ta farko ya fi yi, kuma idan aka bi diddiginsu, mafi yawa suna komawa ne ga inda za a riƙa samun iskar da za a cika ta.

Mece ce bindigar PCP, kuma me ya raba ta da mai sifirin da muka saba gani?

Mai sifirin sai an karya ta ko an ja mata hannu kafin kowane harbi, sannan idan aka danna kunama sifirin ya saki da ƙarfi, bindigar ta yi tsalle a hannu. Ita kuwa PCP tana da tukunya a jikinta, yawanci a ƙarƙashin bututu, wadda ake ɗura wa iska tun kafin a fita, da matsi daga bar 200 zuwa bar 300 gwargwadon ƙirarta. Don a gane girman wannan adadi, tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da rabi. Kowane harbi yana sakin ɗan kaɗan daga wannan iska, saboda haka bindigar ba ta girgiza, saiti yana zama da sauƙi, kuma mutum zai yi harbi da yawa a jere kafin ya sake cika ta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Sojojin Ostiriya sun riƙe bindigar Girardoni tun wajen 1780, kuma cika tukunyarta da famfon hannu yakan ci bugu kusan 1500. Wahalar cikawa ita ce raunin wannan bindiga tun wancan zamani, kuma har yau nan ne sabon mai saye ke tuntuɓe.

Kafin maganar kuɗi, doka ta yarda in mallake ta?

A Saudiyya ba a ɗaukar bindigar iska a matsayin kayan wasa. Lasisinta yana hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ana nema ta manhajar Absher, kuma ana rubuta bindigar da sunan mai ita. Baƙon da yake zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, ya fara tabbatar da matsayinsa a wurin hukuma kafin ya biya ko riyal ɗaya, kada ya dogara da maganar mai shago ko ta aboki, kuma kada ya riƙe bindigar da ke da sunan wani.

Farauta kuma izininta daban. Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce ke bayar da shi ta dandalin Fitri, ita ce ke sanar da lokacin farauta da nau'in tsuntsayen da aka halatta, kuma jami'an tsaron muhalli suna kama masu saɓawa. Mazauna Makka da Madina ba sa bukatar a tuna musu cewa farauta a cikin iyakar Harami haramun ce ko da mutum yana da takardu cikakku.

Me ya sa ake cewa a fara zaɓen hanyar cikawa kafin a zaɓi bindiga?

Domin bindigar PCP ba tare da iska ba sanda ce kawai. Mutane da yawa suna zuwa baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, su kashe duk abin da ke aljihunsu a kan bindiga mai kyau da madubin hange, sai sun koma gida su tarar cewa abin da za a cika ta da shi yana bukatar wani kuɗin mai kauri. Kwamfuresar masu faci ba ta da amfani a nan, don ba ta wuce bar takwas zuwa goma. Hanyoyin da ake da su uku ne: famfon hannu na musamman, tukunya irin ta masu nutso a teku, da kwamfuresa mai matsi mai tsanani. Garin da mutum yake, da yawan harbin da zai yi a mako, da ƙarfin jikinsa, su ne za su nuna masa wadda ta dace da shi, sannan ita kuma ta nuna masa bindigar da zai saya.

Famfon hannu zai ishe ni?

Zai ishi mai ƙaramar bindiga wanda ba ya harbi da yawa. Kamanninsa kamar famfon keke ne mai tsayuwa, amma a ciki yana matse iska hawa uku ko huɗu, kuma kamfanin Hill na Ingila yana cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera shi. Shi ne mafi arha, ba ya bukatar lantarki, kuma yana shiga bayan mota zuwa jeji. Tukunya mai cin cc 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na lita, da ta sauka zuwa bar 100 takan ci bugu wajen ɗari kafin ta koma bar 200. Bugun farko-farko ba su da nauyi, amma daga bar 150 zuwa sama sai mutum ya miƙe hannuwansa ya saki nauyin jikinsa a kan famfon, ya ɗan dakata a ƙasa kafin ya ɗago. Ana hutawa bayan kowane minti biyar, ba don mai bugu kaɗai ba, har don famfon ya huce, domin zafi ne ke cinye zobban robar da ke cikinsa.

Wanda ya zaɓi famfo ya nemi bindigar da ake cikawa zuwa bar 200 mai ƙaramar tukunya. Bindiga mai kwalbar cc 480 da ake kaiwa bar 250 ko 300 da famfon hannu, a zafin watan Yuli, nan da nan za a rataye ta a bango. A Jidda da Yanbu da Jazan kuma akwai matsalar danshi: famfo yana tura iskar ɗakin da yake ciki ne, ruwan da ke cikinta ya taru a tukunya ya haifar da tsatsa a wurin da ido ba ya gani. Maganin wannan shi ne a sa wa famfon matatar busar da iska, a yi bugun a ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki, a kuma riƙa buɗe sukurin sakin iska yana fitar da ruwan.

Tukunyar masu nutso fa, wace iri ce ta dace?

Ga mazaunin gaɓar Bahar Maliya, a ganina wannan ce hanya mafi dacewa. Shagunan kayan nutso suna da yawa a Jidda, musamman wajen Obhur, kuma iskar da suke ɗurawa an tace ta an busar da ita don mutum ya shaƙa, wato ta fi duk wadda za a samar a gida tsabta. Cika bindiga daga tukunya ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Amma akwai lissafin da ya kamata a yi kafin saye, domin tukunya ba ta cika bindiga fiye da matsin da ya rage a cikinta. A ɗauki bindiga mai cc 200 da ake mayarwa daga bar 100 zuwa 200. Tukunyar alminiyon da aka fi ba masu nutso haya, mai kimanin lita 11 da bar 207, sau uku ko huɗu kawai za ta cika ta fal, daga nan kowace cikawa sai ta gaza ta baya. Ta ƙarfe mai lita 12 da bar 232 za ta yi kusan sau goma sha takwas. Mai lita 12 da bar 300 kuwa za ta haura sau arba'in, ko da an cire abin da ke salwanta a tiyo. Wannan ne ya sa maharba suka fi son mai bar 300, ko ta ƙarfe ko ta zaren kabon mai lita 6.8 wadda ba ta da nauyi. Sai dai a fara tambayar shagon da za a riƙa zuwa ko injinsa yana kaiwa bar 300, don ba kowane shago ke da shi ba, kuma a tabbatar bakin tukunyar mai zare ne irin na DIN da ya dace da tiyon cikawa.

Tukunya tana da gwajin matsi da ake yi mata da ruwa duk shekara biyar, a buga kwanan wata a jikinta, kuma shagon kirki ba ya cika wadda gwajinta ya wuce. Ta zaren kabon yawanci shekara 15 ne wa'adinta daga ranar ƙira.

Yadda ake cikawa kuwa, a cire harsashi tukuna, a juya bakin bindiga inda ba mutum. A zura kan tiyo a mashigar iska har ya zauna daram, a ɗaure sukurin sakin iska, sannan a buɗe bawul ɗin tukunya a hankali ƙwarai. Za a ji ƙara ɗan ƙarami, ƙas, lokacin da bawul ɗin bindigar ya buɗe, allurar agogon auna matsi ta fara hawa. Ido ya tsaya a kan agogon tiyo, domin na bindiga sau da yawa yana kusa da bakinta, kuma ba a leƙa bakin bindiga. Da allura ta kai adadin da aka rubuta a jikin bindigar, a rufe tukunya, a buɗe sukurin iskar tiyo ta fita da huci, sai a cire. Wanda ya fizge tiyo da iska a ciki zai yaga zoben roba, ko tiyon ya yi masa bulala.

Ni a Riyad nake, shagon nutso ya yi mini nisa. Kwamfuresa fa?

Ita ce mafita ga na cikin ƙasa, ga kuma mai yawan harbi. Iri biyu aka fi samu. Akwai ƙarama mai fanka da ke aiki da batirin mota ko da wutar gida, wadda aka yi don cika bindiga kai tsaye cikin 'yan mintuna, kuma idan aka matsa mata da cika babbar tukunya za ta ƙone. Akwai kuma babba mai sanyaya da ruwa, irin Yong Heng ta ƙasar Sin, mai bukatar bokitin ruwan sanyi da mai na musamman da mutum a tsaye yana duba zafinta. Ko wace ce, sai an ƙara mata matatar mai da ruwa tsakaninta da bindiga. Mai yin oda daga waje ya lura cewa lantarkin Saudiyya mai hez 60 ne (hez shi ne ma'aunin saurin bugawar wutar lantarki), alhali injina da yawa an ƙera su ne don hez 50.

Wani ya ce in cika da iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti.

Kada a kuskura. Oksijin da ke ƙarƙashin matsi idan ya haɗu da ɗigon mai ko giris yana kamawa da wuta nan take, tukunyar ta tarwatse a hannun mai ita. Saboda dalili makamancin wannan ba a shafa man inji ko wani mai na fetur a mashigar iska, sai man silikon kaɗai.

Wane girman harsashi zan zaɓa?

Mai milimita 4.5 shi ne na gasar harbi ta mita goma a wasannin Olamfik. Ƙwayarsa ba ta wuce rabin giram da kaɗan ba, tana da arha, kuma ba ta cin iska. Mai milimita 5.5, wanda ƙwayarsa ke kai giram ɗaya, ya fi jure kaɗawar iska a fili kuma ya fi dacewa da ƙananan tsuntsaye. Mai 6.35 da abin da ya fi shi suna shan iska sosai, saboda haka ba na mai famfon hannu ba ne. Ga mai farawa da ke son harbin allo a istiraha, wato gidan hutawa na bayan gari, da ɗan fita farauta a lokacinta, 5.5 ya wadatar.

Kada gudun harsashi da aka rubuta a kwali ya ruɗi mutum. Ƙwayar dalma mai siket, wato mai buɗaɗɗen gindi, takan fi tafiya daidai a gudun mita 250 zuwa 280 a daƙiƙa, kuma idan ta kusanci gudun sauti, wajen mita 340, sai ta fara kaucewa. Kowace bindiga kuma tana da ƙwayar da ta fi so, don haka ana gwada gwangwani biyu ko uku, misali na JSB da na H&N, kafin a tsaya a kan ɗaya.

Wane kamfani, kuma dole ne ta kasance da na'urar daidaita matsi?

Na'urar daidaita matsi tana zaune tsakanin tukunya da bawul, tana ba kowane harbi iska daidai wa daida har sai tukunyar ta sauka ƙasa da inda aka saita ta. Wadda ba ta da ita, gudun harsashinta yana hawa kaɗan, ya daidaita na wani lokaci, sannan ya sauka, kuma mai ita sai ya koyi tsakanin bar nawa da nawa ta fi harbi daidai. Na'urar tana da amfani, amma ƙarin zobban roba ce da za su iya yoyo.

Hatsan da Kral na Turkiyya da Artemis na Sin suna ɓangaren masu sauƙin kuɗi. Weihrauch na Jamus da Air Arms da Daystate na Ingila da FX na Suwidin suna sama. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tambayi dillalin da ke da lasisi abu biyu kafin ya kalli suna: ko yana da zobban roba da kan tiyo na wannan ƙirar a shagonsa, da kuma wanda zai gyara ta idan ta fara yoyo. Bindiga mai tsada da za ta yi wata uku tana jiran zoben roba daga Turai ba ta kai matsakaiciya da ake gyarawa a unguwa amfani ba.

Zafin ƙasar nan yana yi mata illa?

Yana yi. Matsin iska yana hawa da zafi, ta yadda bindigar da aka cika zuwa bar 250 a ɗaki mai digiri 25, idan aka bar ta a rufaffiyar mota da ta kai digiri 60, za ta kusan bar 280. Wadda ba ta da na'urar daidaita matsi, idan iska ta yi mata yawa, bawul ɗinta ba ya buɗewa sosai, harbin ya fita da rauni ko ya ƙi fita gaba ɗaya, sabon mai ita ya ɗauka ta lalace. Zafi kuma yana busar da roba. Da bindiga da tukunya duka a ajiye su a inuwa, a kulle inda yara ba sa kaiwa, kuma a bar iska a cikin bindigar, ko da bar 100 ne, domin matsin ne ke riƙe zobban a mazauninsu yana hana ƙura shiga.

Idan na samu ta hannu da arha fa?

A fara da takardu, a mayar da lasisin zuwa sunan mai saye ta hanyar hukuma. Bayan haka a duba shekarar ƙira da ke jikin tukunyarta, a nemi tsatsa ko lotsawa, a tambayi mai ita da me yake cika ta, domin wadda ta daɗe tana shan famfon hannu marar matata a Jidda tana iya ɗauke da tsatsa a ciki. Sannan a cika ta, a rubuta inda allura take, a bar ta ta kwana, a sake dubawa da safe kafin a biya kuɗi.